Malaminmu ya rasu ya bar lambu, me za mu yi masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Malaminmu ne Allah ya yi wa rasuwa bayan babbar sallah, shi ya koya mana antiropoloji a jami'a, wato nazarin dan Adam da al'adunsa. Mutum ne da baya son zaman aji, sai ya kwashe mu zuwa marinar Kofar Mata ko kasuwar Kurmi yace ku samu guri ku zauna ku kasa kunne, wai ranar farko tambaya daya ta isa. Sannan yana da lambu a bayan gidansa, zogale, gwaba, lalle da mangwaro uku da ya yi musu aure da hannunsa, in kaje kai masa furojet ma sai ya miko maka bokiti tukuna. A gurup dinmu na WhatsApp wasu sunce a buga kalanda da hotonsa a kama hol ayi taro, ni dai raina bai kwanta ba. Me ka gani?
Daga wata dalibarsa, Gwale.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya jikansa yasa ya huta. Gaskiya ina bayanki. Kalanda shekara daya ce, badi warhaka da ita za'a kunshe miki kosai.

Hadisin Anas da ke Bukhari da Muslim ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, to sadaka ce gareshi, kinga kenan mangwaron nan aiki suke masa yanzu haka, naku kawai kar ku bari su mutu. Amma fa kafin kowa ya dauki bokiti ku tuna lambun ya zama gado, na iyalinsa ne, ku je ku gaida mai dakinsa ku nemi izini, kar son malam yasa ku shiga hakkin marayu. In sun yarda, kudin hol din nan ku biya mai ban ruwa dasu, musamman Maris da Afrilu da zafin Kano ke kona komai.

In kuma magada zasu sayar, ba laifi bane. Ku roki reshen zogale, shi baya da wuya, yanka ki soka a kasa ya kama, ku karbi na mangwaron a aura a jikin wasu, in damina ta zauna wajen Yuli kowa ya dasa a kofar gidansa, a kifa masa tsohon kwando don akuyar makwabta bata san malami ba.

Sai takardunsa. Irin wadannan malaman basa rasa kaset-kaset na hira da tsofaffi a kwali karkashin gado, masu rini, makera, dillalai, wadanda yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Gara da danshi basa jira, ku samu yaro mai kwamfuta ya juye su tun kafin ruwa ya sauka, kwafi daya ga iyali, daya ga laburaren sashenku.