Wai ya ake banbance girgizar ƙasa da bam ɗin da aka tayar a ƙarƙashin ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta kaure a majalisarmu kan gwajin nukiliyar Koriya ta Arewa, wani abokinmu yace wai da sun yi shiru da ba wanda zai sani, kowa zai ɗauka girgizar ƙasa ce kawai. Haka ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya abokin naku ya ɗan zame a nan. Ka ga duk abinda ya jijjiga ƙasa, jijjigar kashi biyu take ratsa cikinta, akwai mai turi wadda masana ke kira P, ita ke riga isa, sai mai kaɗawa gefe da gefe wato S tana biye da ita. To girgizar ƙasa dutse ne ke gurzar dutse a jikin tsaga, shi yasa S ɗinta ke zuwa da ƙarfi, shi kuwa bam daga wuri ɗaya yake bankaɗe ko'ina lokaci guda kamar an fasa balan-balan, sai ka ga a zanen na'ura P ta yi tsalle tun farko, S kuma ta zo a raunane.

Wani abin da ni ya fi burge ni, in bam ne kusan duk tashar auna girgizar ƙasa da ta ji shi turi take fara ji ko ta wane ɓangare take, in girgiza ce wasu tashoshin su ji turi wasu su ji ja. Sai zurfi, girgiza kan taso daga kilomita goma ko fiye, waye zai haƙa ramin nan ya kai bam?

Ranar 3 ga Satumba 2017 da Koriya ta Arewa ta yi gwaji a filin gwajinta na Punggye-ri ƙarfinsa ya kai 6.3 a ma'aunin girgizar ƙasa, bayan kamar minti takwas aka sake jin wata ƙaramar jijjiga, wadda masana ke ganin ramin ne ya rufta. Hukumar da ke sa ido kan gwajin nukiliya a duniya tana Biyana a Ostiriya, kuma ɗaya daga cikin manyan tashoshinta ma tana nan Torodi a Nijar.

Inda abokinka ke da ɗan gaskiya shi ne ƙananan fashewa, su kam suna ba da wahala, sai an haɗa da shinshina iska. Gwajin da Koriya ta Arewa ta yi a 2006 ƙarami ne, sai bayan kusan sati biyu aka tsinci iskar zenon ɗinsa, wato irin iskar da fashewar nukiliya ke fitarwa, a Yellowknife can Kanada.