Ga mai tambaya kan amfanin koyon Needleman-Wunsch

Ɗan'uwa, ka ce tunda BLAST, wato shirin kwamfuta mai neman kamanni tsakanin jerin haruffan DNA ko furotin, ya fi sauri, me zai sa a wahalar da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da Needleman-Wunsch? Ni dai ina ganin wannan darasin bai kamata a tsallake shi ba.

Needleman-Wunsch hanya ce ta daidaita jeri biyu na haruffan DNA ko furotin daga farko har ƙarshe, don a ga inda suka dace da inda za a bar giɓi; ta fito a 1970. Ɗauki takarda ka zana tebur, ACGT a sama, AGT a gefe. Kowane gida daga maƙwabtansa uku ake cike shi: na sama, na hagu da na kusurwa. Haruffa suka dace, ka ƙara maki. Aka bar giɓi, ka rage. In ka kai gidan ƙarshe, sai ka bi sawu ka koma baya, za ka ga giɓin ya faɗa daidai kan C. Da hannunka ka ga yadda amsar ƙananan matsaloli ke haifar da amsar babba.

Wata hanya mai kama da ita, Smith-Waterman ta 1981, ta hana maki sauka ƙasa da sifili, don a kamo yankin da ya fi kama kaɗai.

Matsalar waɗannan hanyoyi biyu ita ce nauyi: jeri biyu masu haruffa 10,000 kowanne, gidaje kusan miliyan 100 ke nan. Shi ya sa BLAST, a 1990, yake fara neman guntayen da suka dace kafin ya faɗaɗa su, amma wani lokaci kamanni na gaske kan kuɓuce masa.