Fadamar gado ko kujeru saiti biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Za a ɗaura wa ɗiyata ta fari aure bayan babbar Sallah. Dangin mijin masu hali ne, 'yan uwana kuma sun ce in ban yi kujeru saiti biyu da firiza da shogilas cike da kwanuka ba, za a raina ta ranar jere. Ba ni da abin ɗagawa sai 'yar fadamar da na gada wurin mahaifina. In sayar? Daga wata uwa a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Don Allah kada ki sayar. Na san zafin da ke ranki, ba uwar da ke son a yi wa ɗiyarta kallon ƙasƙanci a gidan miji. Amma 'yan ganin ɗaki yini ɗaya za su yi, su ci shinkafa su watse. Fadamar Argungu kuwa ana noma ta da damina, a sake nomawa da rani. Ko jinga kika bayar, buhunan shanshera za su riƙa shigo miki kowace kaka. Kuɗin da kika karɓa bana ba zai sake saya miki ita ba, balle yadda kaya suka yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Ni da nake wannan magana, akwai kwanukan tangaran a saman kabad ɗina tun na aurena, har yau suna naɗe da takardar da aka kawo su ciki. Duk hunturu sai na sauke, na goge ƙura, na mayar, ban taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Mahaifiyata shekara biyu ta yi tana zubin adashe don su, ina tunawa sai hawaye ya zo mini. Turmin ƙirya da ta haɗa mini da shi kuwa, wanda ba wanda ya kalla ranar jere, bakinsa har ya yi sulɓi don daka, da shi na yi yajin haihuwar 'ya'yana duka.

Ki zaunar da yarinyar, ku biyu kawai, ki tambaye ta abin da hannunta zai taɓa kullum. Katifa mai kyau, tukwane masu kauri, kujeru saiti ɗaya daidai faɗin falonta. Ki sa kafinta ya yi gadon da katako na gaske, ki guji allon nan na garin katako da aka matse, da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruɓe. Firiza ta jira tukuna a ga yanayin wutar unguwarsu. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da ba sa ɓarna in za su kashe dukiya, ba sa kuma ƙwauro, suna tsayawa tsakani. In 'yan uwa suka matsa, ki ce musu daidai ruwa daidai tsaki, wanda ya ga giɓi ya cike da gudummawarsa.

Tambaya: Anti, wayata shekararta uku, tana aiki sai dai caji ba ya daɗewa. Abokaina duk sun canja. In ci bashi in sayi sabuwa? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Ɗana, batir ne ya gaji, haka yake yi bayan shekara biyu zuwa uku, zafin Afrilu kuma yana ƙara kashe shi. Kai ta wurin mai gyaran da ka yarda da shi ya sa maka sabo, ka tsaya a yi a gabanka. Ka daina barin ta a rana ko ƙarƙashin filo tana caji. In ta kai ka ƙarshen karatu, sai mu sake magana.