Fatawa: Shin an canza Linjila, kuma ya halatta in yi gardama da abokin aikina a kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni direba ne a wani kamfanin dakon kaya a Jidda. Akwai wani Kirista ɗan Filifin da muke aiki tare, mutumin kirki, tare muke shan shayi lokacin hutu. Ran nan na ce masa littafinsu duk ƙarya ne, an canza shi, har na nuna masa wani bidiyo a waya mai cewa labarin Annabi Isa daga tatsuniyoyin gumakan Masar aka kwaso shi. Ya ce in kawo Linjilar asali mu gwada, na rasa ta cewa. Tun ranar bai ƙara zama kusa da ni ba. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, imani da cewa Allah ya saukar da Attaura ga Annabi Musa, Zabura ga Annabi Dawuda, Linjila ga Annabi Isa, wajibi ne, wanda ya ƙi shi ya fita Musulunci. Kuma Alƙur'ani ya tabbatar da cewa hannun mutane ya shiga littattafan da suka gabata. A Baƙara aya ta 79 Allah ya yi narkon azaba ga waɗanda ke rubuta littafi da hannayensu su ce daga Allah yake, a Ma'ida aya ta 13 kuma ya ce suna karkatar da magana daga gurbinta, sun manta wani rabo na abin da aka tunatar da su.

Inda malamai suka saɓa shi ne irin canjin da girmansa. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya tsaya kai da fata cewa lafazin kansa aka taɓa, ya yi ta jero wuraren da nassosin suka ci karo da juna. A ɗaya ɓangaren, Bukhari ya kawo a Kitabut Tauhid cewa ba mai iya gusar da lafazin wani littafi na Allah, sai dai a yi masa fassarar da ba tasa ba. Ibn Taimiyya a littafinsa Aljawabus Sahih ya bi tsakiya: an taɓa wasu lafuzza, an karkatar da ma'anoni masu yawa, gaskiya kuma ta saura a ciki. Wannan na tsakiya nake rinjayarwa, domin shi ne ya haɗa dalilai bai zubar da ko ɗaya ba. Ka tuna ranar da Yahudawan Madina suka kawo Attaura gaban Annabi (SAW) kan hukuncin mazinata, mai karatu ya ɗora tafinsa a kan ayar jifa, Abdullahi ɗan Salam ya ce masa ɗaga hannunka, sai ga ayar a ƙarƙashi. Da a ce komai ya lalace, me aka ɓoye da tafin hannu?

Saboda haka kalmarka ta "duk ƙarya ne" kuskure ce, ka nemi gafarar Allah a kanta. Annabi (SAW) ya ce, a hadisin Abu Huraira da ke Bukhari, kada ku gaskata ma'abota littafi kuma kada ku ƙaryata su, ku ce mun yi imani da Allah da abin da aka saukar mana. Abin da Alƙur'ani ya gaskata mun karɓa, abin da ya ƙaryata, kamar gicciye Annabi Isa ko kiransa ɗan Allah, mun ƙi, wanda ya yi shiru a kai mu ma mu yi shiru.

Tambayar abokinka mai kyau ce, kuma tana da amsa. Mu ba mu ce akwai wani kundi a ɓoye a akwati da za mu fito da shi ba. Linjila a wurinmu wahayin da aka yi wa Annabi Isa ne. Abin da ke hannunsu labarai huɗu ne a kan rayuwarsa, na Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, da wasiƙun Bulus da wasu, an rubuta su da Girkanci shekaru bayan ɗauke shi, alhali shi da Aramiyanci yake yi wa mutanensa magana. Luka da bakinsa ya buɗe littafinsa da cewa mutane da yawa sun riga shi rubutawa, shi ma ya bincika ya tsara. Su kansu masanansu sun rubuta cewa ayoyi 12 na ƙarshen Markus babu su a tsofaffin kundaye biyu na ƙarni na 4 miladiyya, wanda aka samo a gidan ibadar Dutsen Sina'i da wanda ke Batikan. Haka labarin matar da aka kama da zina a farkon babi na 8 na Yohanna. Bugu da yawa na zamani suna faɗin hakan a ƙasan shafi. Adadin littattafan da ke cikin Baibul gaba ɗayansa ma ba ɗaya ba ne: Katolika 73, Furotesta 66. Adalci kuma ya sa in faɗa maka cewa mafi yawan bambancin kundaye kuskuren masu kwafa ne, na harafi ko kalma, kuma kundin Ishaya, ɗaya daga littattafan Baibul, da aka gano a kogunan Tekun Gishiri a 1947 ya yi kusa ƙwarai da wanda ake karantawa yau. In ka ɓoye wannan, shi ya sani, zai daina yarda da sauran maganarka.

Bidiyon nan kuwa shi ya fi tayar mini da hankali. Goge shi, kada ka tura wa kowa. Masu haɗa irinsa galibi ba su yarda da wahayi ba sam. In suka ce haihuwa ba uba aro ce daga gumaka, Suratu Maryam suka ƙaryata, kai kuma ka ɗauki wuƙarsu ka soki kanka. Da hujjar nan tasu suke cewa labarin Annabi Nuhu daga tatsuniyar Iraƙi ta dā aka kwaso, kuma da ita kafiran Makka suka ce Alƙur'ani tatsuniyoyin mutanen farko ne, kamar yadda ya zo a Furƙan aya ta 5. Kamannin labari tsakanin al'ummai ba ya girgiza mu, tunda Allah ya ce babu al'ummar da mai gargaɗi bai je mata ba.

Abu biyu kuma samarinmu ke yawan riƙewa, ba su da tushe. Taron manyan malaman Kirista a garin Nikiya na shekara ta 325 miladiyya a kan matsayin Annabi Isa aka yi shi, ba wurin zaɓen Linjila huɗu da ƙona saura ba ne. Sai Linjilar Barnaba, wadda wasu ke ɗauka ita ce Linjilar asali. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini ita bayan darasin magariba a nan Makka, an naɗe ta a leda, fuskarsa cike da murna. Na buɗe masa wurin da ta sa Annabi Isa yana cewa shi ba Almasihu ba ne, sannan na karanta masa Ali Imrana aya ta 45, inda Allah ya kira shi Almasihu Isa ɗan Maryam. Ya daɗe yana kallon shafin bai ce komai ba. Kundin nan da Italiyanci aka same shi, na wajajen ƙarni na 16, bai halatta a jingina shi ga wahayi ba.

Muhawara ta halatta ga mai ilimi, da sharaɗin da ke Ankabut aya ta 46, wato da abin da ya fi kyau. Shaihu Rahmatullahi na Indiya, wanda ya kafa makarantar Saulatiyya a Makka, sai da ya nazarci littattafansu da sharhin malamansu kafin ya zauna muhawara da malaman Kirista a garin Agra a 1854. Wanda bai kai nan ba, ban ba shi fatawar shiga gardama ba, ya faɗi abin da ya sani ya tsaya.

Kai dai gobe in an tashi hutu, ka zuba masa shayi, ka ce masa ka yi kuskure da ka zagi littafinsa baki ɗaya, kuma bidiyon ba koyarwar addininka ba ce. In ya so ji, ka karanta masa fassarar Suratu Maryam daga aya ta 16 zuwa ta 36. Wallahu a'alam.