Amsa ga mai tambayar inda zai kai budurwa a Abuja ranar haɗuwar farko

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun da safe na ga tambayarka, na bari sai na natsu in ba ka amsa. Ka ce aiki ya kawo ka Abuja wata huɗu da suka wuce, kun yi makonni kuna magana da wata yarinya a waya, tana zaune gidan yayarta a Gwarinpa, kana neman gidan abinci ko wurin shaƙatawa na dare a Wuse 2 da za ka kai ta ranar da za ku fara ganin juna. Shekarata 11 a garin nan, a nan na nemi aure, don haka abin da zan faɗa maka da ƙafata na taka shi.

Kafin maganar wuri, shin yayarta da mijin yayar sun san da fitar? Wannan ce tambayar farko. A Kano ko Zariya ba ka da wannan wahala, zaure na nan, a shimfiɗa maka tabarma, ƙannenta na giftawa. Abuja ba zaure, gidajen haya ne masu falo ɗaya, shi ya sa ake fita waje. Amma rashin zaure bai ɗauke neman izini ba. Ka je gidan da kanka, ka gaida yayar, ka faɗi inda za ku da lokacin da za ta dawo, sannan ka ce ta taho da ƙanwa ko ƙawa. Kada ka ga 'yar rakiya a matsayin ƙarin kuɗin abinci. Ita ce za ta sa yarinyar ta saki jiki, kuma ita ce za ta ba da labarinka a gida kafin ka kai bakin titi.

Wuraren dare kuwa, ka cire su daga lissafi. Mutumin da ya taso a Kano, inda ake da Hisbah tun 2003, yakan ɗauka duk inda aka rubuta gidan abinci to abinci kawai ake ci. A Abuja ba haka ba ne. Wurare da yawa a titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola da rana gidan abinci ne, da an yi isha'i sai su rikiɗe su koma mashaya: a rage fitila, a saki kiɗa, a fito da tukwanen shisha. Haka wuraren da ake kira gadin, gasasshen kifinsu da daɗi, amma teburin da ke gefenka kwalaben giya ne a jere.

Ni abin ya faru da ni. Wani abokin aiki ya yaba mini wani wuri a Wuse 2, ban taɓa shiga ba, na ɗauki maganarsa. Muka isa bayan magariba da yarinyar da nake nema da ƙanwarta. Da farko lafiya lau. Ba a kawo abinci ba aka ƙara kiɗa, har sai na sunkuyo kafin in ji abin da take faɗa. Hayaƙin shisha daga teburin baya ya lulluɓe mu. Ina kallonta ta ja mayafinta ta rufe hanci, ta ajiye cokali a gefen faranti, ta riƙa duban ƙofa. Ba ta ce komai ba. Shirun nan ya fi min ciwo fiye da a ce ta yi faɗa, domin na gane tana tambayar kanta ne, irin wuraren da mutumin nan yake zuwa ke nan? Allah Ya sa ita ce uwar 'ya'yana yau, amma sai da na yi wata biyu ina wanke kaina a wajen yayyenta.

Shi ya sa nake cewa ka je wurin kai kaɗai tukuna, a irin ranar da irin lokacin da kake son kai ta. Gani ya kori ji. Ka zauna, ka sayi ko lemo ne, ka saurara: za ka iya magana a hankali a ji ka? Ka leƙa banɗakin. Ka tambayi inda ake sallah da alwala, don mace ba za ta tambaya ba, sai dai ta yi ta zama a takure lokaci na wucewa. Ka duba teburan, wurin ya zama a buɗe yake mutane na gani, ba lungu ba, amma kuma ba a bakin ƙofa ba inda duk mai shigowa sai ya ƙare mata kallo.

Ka riƙe takardar farashin ka karanta ta da kyau. Tun 2020 harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, abincin naira 30,000 sai ka ga ƙarin 2,250, wasu wuraren kuma su ɗora kuɗin hidima a kai. Ka tanadi tsabar kuɗi ban da kati, sabis yakan ɗauke ana tsaka da taransifa, ka tsaya mai kawo abinci na tsaye a kanka. Abin da ya fi wannan, kada ka kai ta inda albashinka ba zai iya maimaitawa ba. Na ga samari suna cin bashi don su burge a Maitama, bayan aure matar ta ga rayuwar ba ita ba ce. Daidai ruwa daidai tsaki. Yarinyar kirki tana lura da yadda ka yi wa mai kawo abinci magana fiye da yadda take lura da kuɗin farantin.

In ni ne kai, la'asar zan zaɓa, ranar Asabar ko Lahadi, kuma ba zan yi nisa da unguwarsu ba. Daga Gwarinpa, Jabi ba nisa. Jabi Lake Mall, wanda aka buɗe a 2015, cike yake da iyalai da yara, akwai wuraren zama masu kallon tafkin, in hira ta tsaya ruwan ma abin magana ne. Askirim ko shawarma sun isa. Millennium Park na Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a watan Disamba na 2003, shi ma wuri ne mai fili da ciyawa da inuwa, ka riƙo darduma da balangu da kunun aya mai sanyi. Sai dai ka kula da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba hadarin Abuja ba ya sallama. Cikin Gwarinpa ma akwai gidajen abinci masu tsafta, ka tambaye ta wanda suka saba zuwa da yayarta, wurin da ta sani ya fi kwantar mata da hankali.

Abinci kuma ka bar ta ta zaɓa. Kada ka yi odar tuwo da miyar kuɓewa ko kifi mai ƙaya ka ce sai ta ci. Yawancin 'yan matanmu kunya ba za ta bar su su ci a gabanka ba ranar farko, in ta tsakura ta bari kada ka matsa, ka sa a ƙunshe mata ta tafi da shi, ka haɗa da kilishi ko dambun nama tsarabar yaran gida.

Sai maganar komawa, wadda samari ke mantawa. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, kuma kowa ya san 'yan wan-cans masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, musamman da dare. Kada ka tsayar mata da mota a bakin titi. Ko ka mayar da su da kanka har ƙofar gida, ko ka kira Bolt ta wayarka, ka tura wa yayar sunan direban da lambar motar. Ka yi lissafi su shiga gida kafin magariba, in an ce ƙarfe shida to shida saura su iso. Da ka sauke su ka shiga ka yi wa yayar godiya, ko da a tsaye ne, sannan ka wuce masallaci.

Allah Ya zaɓa muku abin da ya fi alheri.