Ɗacin karas ɗinka, kar ka yi saurin zargin mai iri

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce a gona karas ɗin zaƙi kamar rake, ya yi mako a ɗakin ajiya ya koma ɗaci, kuma kana zargin wanda ya sayar maka da iri. Kafin ka je ku ɓata, faɗa min, me ke cikin ɗakin nan ban da karas? Ayaba? Tumatir? Mangwaro?

Ni na sha wannan kafin yaƙi. Faddan ɗaya, wato kusan eka ɗaya, na yi a bakin kogi kusa da Mai Wurno a Sudan, ƙasa mai laushi, ba irin baƙar laka ta Jazira da ke sa karas ya yi ƙafafu ba. Ban taɓa samun irinsa ba. Na ba wani mai lori ya kai min Hartum, muka yi magana cewa kayana kaɗai zai ɗauka. Ashe da na juya baya ya biya ya cika sauran wurin da ayaba, ya ja tamfol ya rufe su tare. Motar ta lalace bayan Madani, kwana huɗu tana tsaye a rana, ayaba ta nuna a kan buhunana. Bai kira ni ba. Da muka haɗu a kasuwa dillali ya zaro ɗaya ya gatsa, ya tofar a gabana, gaban mutane, ya ce wai magani na kawo masa ko karas. Aka yi ta dariya. Mai lorin yana tsaye yana shan shayi, ko kallona bai yi ba, ƙarshe ma shi ya fara cewa ai ƙila takin da na zuba ne. Ni da na ci bashin man injin ban ruwa! Masu jakuna na sayar wa rabi. Na dawo gida na kasa gaya wa mai ɗakina gaskiya har kwana uku. Har yau in na ga mutumin nan a wurin ɗaurin aure sai in canja tabarma, Allah ya yafe min.

Ɗan ƙanwata da ya karanta noma a Jami'ar Jazira shi ya warware min. Ya ce ayaba da tumatir in suna nuna suna fitar da wata iska da ba a gani, itilin. Karas in ya shaƙe ta sai ya ɗauka cuta ce ta kawo masa hari, ya haɗa wani sinadari na kare kai mai ɗaci, 6-methoxymellein. Hayaƙin inji ma yana ɗauke da iskar, don haka ka duba ko janareta na kusa da ɗakin. Wanda ya ƙuje ko ya karye wajen haƙa da wanki shi ya fi saurin kamuwa. In ɗacin ya shiga ba ya fita, sai dai yawancinsa a ɓawo yake. Fere ɗaya da kauri ka ɗanɗana, in cikin da zaƙi, nemi masu gidan abinci ka rage asara, kar ka zubar.

Kuma yaushe ka shuka? Karas ɗan sanyi ne, saiwarsa ta fi yin launi da daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 21. Mu nan in ka makara har zafin Maris ya same shi a ƙasa, zai gajarce, ya koɗe, ya yi wani ɗanɗano mai kaifi kamar ƙaro. Ni yanzu Nuwamba ba ta wuce ni. Ka riƙa tura ƙasa kana rufe kafaɗarsa, don wurin da rana ta taɓa yakan yi kore, shi ma ɗaci ne. Ganyen kuma yanke shi ranar da ka haƙa.

Ban wanke masu iri gaba ɗaya ba fa, akwai irin da kaifin nan a jininsa yake. Yaron ya ce a 2016 wasu masana, har da Philipp Simon na Wisconsin a Amurka, sun karanta ƙwayoyin gadon karas, sama da 32,000, suna bin waɗanda ke sa launi da ɗanɗano. Wai asalinsa ma rawaya ne da shunayya, daga yankin Afganistan, wajen shekara 1,100 da suka wuce, wannan mai ruwan lemon daga baya ya fito a Turai. Na ce masa to su karanta na mai lorin nan su gaya min abin da ke damunsa.

Amma iri ba ya zaƙi a gona ya yi ɗaci a ɗaki. Je ka leƙa ɗakin nan yau, ka dawo ka gaya mana abin da ka tarar a gefen buhunan. Allah ya mayar maka da alheri.