Filin Tambayoyin Mota: zoben amotisa ya cije, a sa mishi wuta?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina wuni. Na sayi Golf 4 da aka shigo da ita ta Kwatanu, ashe Baturen da ya riƙe ta ya sa mata amotisa (abin da ke shanye girgizar hanya a ƙafar mota) mai zobe, irin wanda ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta, kuma ya sauke ta ƙasa ƙwarai, duk ranar da na kama hanyar Madarunfa sai cikinta ya yi ta gugar ƙasa. Mun so mu ɗaga ta amma zoben na gaba ya cije da tsatsa, makanikena ya ce mu tai wurin mai walda a sa mishi wuta. Mi kuka gani? Daga unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka yarda a kai wuta jikin amotisa. Cikinshi mai ne da iskar gas a matse, in ya ɗau zafi robobin ciki su ƙone ya fara yoyo, in abin ya zo da tsautsayi ya fashe a fuskar yaron garaji. Ga kuma rasor ɗin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke kewaye da amotisa yana ɗauke da nauyin mota, ƙarfe ne da wuta ke kashe ma ƙarfi.

Tsatsar nan ba ta Maraɗi ba ce, mu da ruwan sama bai wuce wata uku zuwa huɗu. Can Turai gishiri suke watsa ma titi lokacin ƙanƙara, motar da aka fara ƙera irinta tun 1997 ka ga ta sha gishiri shekara da shekaru. Kuma galibi zoben na alminiyam ne, jikin amotisan ƙarfe, su biyun in ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu sai su manne kamar an like su. Ƙurarmu da taɓon damina ƙari kawai suka yi.

To ga yadda za a yi, amma fa sai da haƙuri, aikin kwana biyu ne ko uku ba na awa ɗaya ba. A ɗaga motar a cire taya yadda ƙafar za ta yi lilo nauyi ya sauka daga kan rasor, a ɗora ta bisa ƙarfen tokara mai kyau, kar wanda ya shiga ƙarƙashi mota na kan jak kaɗai. Kuskuren da na fi gani ke nan, mutum na kokawa da zobe alhali nauyin mota duk yana kanshi. A goge zaren, wato tsagin jikin amotisa da zoben ke murɗuwa a kai, da burushin waya har ya fito fes, a fesa WD-40, man fesawa mai sakin tsatsa, ko a ɗiga gazuwal, a bar shi ya kwana, da safe a ƙara. Man birki da wasu ke zubawa ni ba na so, yana cin fenti.

Ka duba da kyau, zoben biyu ne yawanci, na sama rasor ke zaune kanshi na ƙasa shi ne makulli, sai an fara kwance na ƙasan. Wani kuma zobe ɗaya ne da ɗan ƙaramin kusa a gefe da ke ɗaure shi. A ƙwanƙwasa kewaye da ƙaramar guduma a hankali don tsatsar ta saki, sannan a sa makullinshi mai ƙugiya, in babu ma mai walda na iya yanko maka shi daga falan ƙarfe, nan ne amfaninshi. Da ya motsa ko kaɗan kar a yi zumuɗi, a murɗa gaba a dawo baya, a ƙara mai, a sake. Kurfi da babbar guduma kam haƙoran zoben za su kakkarye ka rasa abin kamawa.

Na baya sun fi sauƙi don a Golf 4 rasor daban yake da amotisa, ciro abin murɗawar za a yi a tsoma cikin gwangwanin gazuwal ya kwana.

In kwana uku ya wuce bai saki ba, a ciro amotisan gaba ɗaya a matse rasor da abin matse shi, ba da igiya ba, a yanke zoben a nemi wani. Amma gaskiya da ni ne, da hanyoyinmu yadda suke, in zaren ya cinye zan nemi amotisa da rasor irin na asalin motar wurin masu kayan Kwatanu ko a Katsina in huta.

In Allah ya sa ya saki, a auna tsayin dama da hagu ya zo daidai, a shafa giris kaɗan a zaren a naɗe da tsohuwar robar tib saboda ƙurar hunturu. Daga nan sai wurin masu saita ƙafa, don ɗaga mota na canza zaman taya, in ka ƙyale gefe ɗaya zai riƙa cinyewa. Notin sandar sitiyari in shi ma ya cije, shi ana iya ɗan gasa shi, a dai rufe robar kusa da shi da jiƙaƙƙen tsumma.